Kofin FA: anya ƙungiyar da ba ta Firimiya za ta sake ɗaga shi kuwa?

Dan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Duk watan Janairu idan aka zo zagaye na uku na Kofin FA na Ingila sai a cika mana kunne da cewa a wannan kofi ba babba ba yaro, kowa na iya cin kowa. Ni kuwa abin da ke rubuce a tarihi bai nuna mini haka ba. Rabon da ƙungiyar da ba ta babban rukuni ta ɗauki kofin tun 1980, lokacin da West Ham tana rukuni na biyu ta ci Arsenal 1-0. Rabon da irinsu su kai wasan ƙarshe ma tun 2008. Daga 1996 zuwa 2025 an buga wasan ƙarshe sau 30, guda 26 sun tafi hannun ƙungiyoyi biyar kacal: Arsenal, Chelsea, Liverpool, Manchester United da Manchester City. Ina ganin tazarar da ke tsakanin Firimiya da Championship, wato rukuni na biyu, ta kai inda ba za a sake ganin irin na West Ham ba. Mai ganin akasin haka ya kawo hujja.

Gunner_Zariya:
Wa alaikumus salam. To Wigan fa, da ta ci Manchester City a wasan ƙarshe na 2013? Ai ƙaramar ƙungiya ce.

Sani_Lissafi:
Malam Gunner, ƙarama ce a suna, amma ranar da Ben Watson ya ci ƙwallon nan da ka, Wigan 'yar Firimiya ce, tana cin kuɗin Firimiya. Sai bayan kwana uku Arsenal ta ci ta 4-1 ta faɗa Championship. Ba ta shiga lissafin Dan_Fagge ba. Misalin Wigan da ya dace da wannan magana shi ne na 2018: tana League One, mataki na uku ke nan, ta fitar da City ta Guardiola 1-0 a zagaye na biyar, Will Grigg ya ci, bayan an ba Delph jan kati daf da hutun rabin lokaci. Amma ka lura, a zagaye na gaba Southampton ta zo ta cire ta. Nan ne gizo ke saƙar. Cin babba sau ɗaya daban, ɗaga kofi daban.

Gunner_Zariya:
Duk da haka cin babbar na faruwa kusan kowace kaka. Bradford ta League One ta je har Stamford Bridge a 2015, an ci ta biyu, ta farke ta ci Chelsea 4-2. Plymouth tana ta ƙarshe a teburin Championship ta cire Liverpool a Fabrairun 2025, kakar da Liverpool ta lashe Firimiya. Macclesfield daga mataki na shida ta cire Crystal Palace mai riƙe da kofin a Janairun 2026, ƙungiyoyi 117 ne a tsakaninsu. In tazarar ta kai yadda ake faɗa, wannan ba zai yiwu ba.

Malam_Habu_Koci:
Ku biyun kowa da gaskiyarsa, domin abu biyu kuke aunawa. Bari in faɗi inda tazarar take bayyana a cikin fili.

A minti 45 na farko ba ta cika fitowa ba. Ƙaramar ƙungiya da aka shirya da kyau tana tsayawa da 'yan baya biyar, 'yan tsakiya huɗu, ɗan gaba ɗaya. Layin baya da na tsakiya suna matse da juna don kada a sami ɗan wasan da zai karɓi ƙwallo a tsakaninsu ya juya. A bar wa babbar ƙungiya gefe ta yi ta bugo ƙwallo sama, tunda 'yan bayan ƙananan rukunai abin da suka fi ƙwarewa a kai ke nan, duk mako da ka suke wasa. Wannan tsari ba ya buƙatar ɗan wasan fam miliyan 50. Biyayya yake so da huhu.

Matsalar huhun ce. Wanda ba ya riƙe da ƙwallo shi ne ke gudu, yana zamewa dama da hagu a bayan ƙwallon da ba ya taɓawa. Daga wajen minti 60 zuwa 70 sai ka ga ɗan tsakiyar da ke gefe ya fara makara wurin rufe wa ɗan bayan gefe, sai a sami biyu a kan ɗaya, daga nan ake yanko ƙwallo baya a ci. A daidai wannan lokaci ne babban koci zai waiwaya benci. Yanzu canji biyar ake yi, ba uku ba. Rabin 'yan cikin fili ke nan. Shi yana sako 'yan wasan da ke buga wa ƙasashensu, kai kuma wanda za ka sako ya gaza wanda ka cire. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Ku duba Tamworth da Tottenham a Janairun 2025. Tamworth mataki na biyar, 'yan wasanta suna da wasu sana'o'in da suke yi da rana. Minti 90 ba ci. Aka shiga ƙarin lokaci, Tottenham ta sako Son da Kulusevski, aka tashi 3-0. Haka Lincoln a 2017: ta riƙe Arsenal har ƙarshen rabin farko, Walcott ya ci ana shirin tafiya hutu, aka ƙare 5-0.

Bakatsine77:
Malam Habu ya gama magana a kan benci. Wasan Plymouth da Gunner ya kawo ma shaida ce a kan haka. Slot, kocin Liverpool a lokacin, ya canza mutum goma, ya bar Salah da Van Dijk da Alisson a gida gaba ɗaya, benci kuma yawanci yaran makarantar ƙungiya ne. Da Ryan Hardie ya ci fenareti bayan Elliott ya taɓa da hannu, Darwin Núñez ne kaɗai babban da aka sako don ya gyara. Kuskuren ba hutar da manya ba ne, ƙin zuwa da su ne. Kocin da ya iya wannan kofi yana fara wasa da 'yan benci, amma manya uku ko huɗu suna zaune sun ɗaura takalmi.

Ummu_Khalil:
Ku bari mu koma tushe, domin bencin nan kuɗi ne ya saye shi. Yarjejeniyar nuna Firimiya a talabijin a cikin Ingila kaɗai, wadda ta fara a kakar 2025/26, fam biliyan 6.7 ce a shekara huɗu, ƙungiyoyi 20 ke rabawa. Ba a ma sa na ƙasashen waje ba. Ta EFL da Sky kuwa fam miliyan 935 ce a shekara biyar, kuma ƙungiyoyi 72 ne a kanta, daga Championship har League Two. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a Firimiya tana tashi da sama da fam miliyan 100. 'Yar Championship da ba ta taɓa hawa ba, in ka haɗa kason talabijin da tallafin da Firimiya ke ba ta, da ƙyar take ganin kashi ɗaya cikin goma na wannan.

Sannan a cikin Championship ɗin ma ba ɗaya suke ba. Wadda ta faɗo daga Firimiya ana biyan ta kuɗin sassauta faɗuwa: kashi 55 na kason talabijin da ake rabawa daidai a shekarar farko, kashi 45 a ta biyu, kashi 20 a ta uku idan ta yi fiye da kaka ɗaya a sama. Saura kuma su yi ta cin bashi don su kamo ta, har akwai kakannin da jimillar albashin 'yan wasa a rukunin ya wuce duk kuɗin da ƙungiyoyin suka samu.

Dan_Fagge:
Hajiya, kin ƙarfafa mini gwiwa. Ƙarin hujja: a kakar 2023/24 duk ukun da suka hau, Luton da Burnley da Sheffield United, sun koma. A 2024/25 ma haka, Leicester da Ipswich da Southampton. Waɗannan su ne gwanayen Championship fa.

Sani_Lissafi:
Wannan hujjar gasar lig ce ta wasa 38, inda sa'a ba ta ɗorewa. Kofi wasa ɗaya ne. Amma ga lissafin da ya sa nake karkata wajenka. 'Yar Championship tana shiga a zagaye na uku tare da 'yan Firimiya, sai ta ci wasa shida ta ɗaga kofi. A ce, don misali kawai, damarta ta cire babbar ƙungiya ɗaya cikin biyar ce. Idan hanyarta ta bi ta kan manya uku, ɗaya cikin 125 ke nan, kafin a sa sauran wasanni ukun. 'Yar League One ko League Two wasa takwas ke gabanta, tunda daga zagaye na farko take farawa. Wadda ta taso daga can ƙasa, zagayen share fage shida ne kafin ma ta iso zagaye na farko. Saboda haka labarin bazata ba zai ƙare ba, domin sama da ƙungiyoyi 700 ke shiga kuma wasanni 32 ake bugawa a zagaye na uku kaɗai, dole wani ya yi tuntuɓe. Amma ƙarama guda ta jera bazata uku ko huɗu, wannan ne mai wuya.

Zongo_Kumasi:
Sai dai in manyan sun cinye junansu, kamar 2008. A Ingila ba a ware manya a ƙuri'ar haɗa wasanni, kowa na iya faɗa wa kowa. A waccan shekarar United ta cire Arsenal 4-0, Portsmouth ta je Old Trafford ta cire United da fenaretin Sulley Muntari, Barnsley kuma ta cire Liverpool a Anfield sannan ta cire Chelsea da ƙwallon Kayode Odejayi. Aka wayi gari uku cikin huɗun da suka kai wasan kusa da na ƙarshe 'yan Championship ne: Cardiff, Barnsley da West Brom. Kanu na Portsmouth ne ya hana tarihi maimaita kansa, shi ya ci West Brom, shi kuma ya ci Cardiff a Wembley. Abin da ya faru sau ɗaya zai iya sake faruwa.

Ummu_Khalil:
A 2008 manyan huɗu ne, ɗan'uwa. Yanzu ka ƙirga City, ka ƙirga Newcastle, Aston Villa, Tottenham, har Brighton da Bournemouth suna sayen ɗan wasa da kuɗin da ya fi na gina tawagar Championship guda. Ko manyan sun cinye juna, waɗanda za su rage ba irin na da ba ne.

Baban_Yusra:
Kada a manta Coventry 'yar Championship a wasan kusa da na ƙarshe na 2024. United tana gaba 3-0 a Wembley, Coventry ta farke duka uku, a minti na ƙarshe na ƙarin lokaci Victor Torp ya ci ta huɗu, VAR ta soke saboda Haji Wright ya yi satar gida da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Aka je fenareti United ta wuce. Da wannan ƙwallo ta tsaya, da yanzu Dan_Fagge ba zai ce tun 2008 ba. Kafin nan kuma Coventry ta je gidan Wolves ta ci 3-2. Ban yarda cewa ƙofar ta rufe ba.

Dan_Fagge:
Da ta wuce ɗin, City za ta tarar a wasan ƙarshe. Shi ne lissafin Malam Sani.

Malam_Habu_Koci:
Akwai wani abu da ba a cika kula da shi ba, wato 'yan wasan aro. Ƙungiyoyin Championship da League One da yawa ƙashin bayansu yaran da manyan ƙungiyoyi suka ba su aro ne. Kafin yaron ya buga kofi sai uwar ƙungiyarsa ta amince, kuma ba zai buga da ita ba in ƙuri'a ta haɗa su. Sheffield United tana Championship ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2023, aka haɗa ta da City. Tommy Doyle da James McAtee, 'yan tsakiyarta biyu, duk aron City ne, dole suka zauna. Doyle ɗin shi ne ya ci ƙwallon da ta kawo su Wembley. Mahrez ya ci uku, aka tashi 3-0. Ka shiga wasan da ya fi kowane girma a kakarka, abokin karawarka ya riga ya cire maka mutum biyu tun kafin a busa.

Bakatsine77:
Ga kuma gaskiyar da ba a son faɗa: su kansu 'yan Championship ba kofin ne a gabansu ba. Wasa 46 suke bugawa a lig, Asabar da Talata. A kakar 2024/25 kyautar lashe wasan ƙarshe na FA fam miliyan 2 ce, cin wasan zagaye na uku kuma fam dubu 115. Hawa Firimiya ya haura fam miliyan 100 a shekara guda. Wane mai ƙungiya ne zai yarda kocinsa ya gajiyar da ɗan gabansa a kofi alhali yana na uku a tebur? Shi ya sa za ka ga mai neman hawa ita ma ta canza mutum takwas ko tara. Abin da ya sami Ipswich ke nan a Janairun 2024, Maidstone ta mataki na shida, ƙarƙashin George Elokobi ɗan Kamaru, ta zo Portman Road ta ci ta 2-1. Ipswich ta kai hari 38, Maidstone biyu ta kai duka suka shiga. Ƙarshen kaka Ipswich ta hau Firimiya, ba wanda ya tuhumi kocin.

A Firimiya ma matsayi ɗaya a tebur ya haura fam miliyan 2.5. Tashi daga na 12 zuwa na 11 ya fi kyautar wasan ƙarshe. Abin da ke riƙe da darajar kofin a wurin matsakaitan ƙungiyoyi shi ne gurbin gasar Turai da ke tare da shi, da kuma magoya baya.

Gunner_Zariya:
To ashe ƙungiyoyin da suka fi dacewa su yi nisa su ne na tsakiyar teburin Championship, waɗanda ba sa neman hawa, ba sa tsoron faɗuwa.

Bakatsine77:
Haka ne, sai dai su ne kuma ba su da tawagar da za ta jure wasa shida.

Alhaji_Tanko:
Yarana, ku ba ni dama in kawo maganar da ta fi ci mini rai, soke maimaicin wasa. A da idan aka yi canjaras sai a sake karawa a gidan ɗaya ƙungiyar. A ƙa'ida, bayan an cire kuɗin gudanar da wasa, kuɗin ƙofa rabawa ake yi: kashi 45 kowace ƙungiya, kashi 10 ya shiga asusun gasa, ko a filin wa aka buga. Exeter tana cikin bashi har wuya, tana mataki na biyar, ta riƙe United 0-0 a Old Trafford a 2005 aka sake karawa a gidanta. Kuɗin wasannin nan biyu ne suka fitar da ita daga bashin. Burton Albion ta yi 0-0 da United a 2006, ta je Old Trafford aka ci ta 5-0, amma ta dawo da abin da ya taimaka mata biyan kuɗin sabon filinta, daga baya har Championship ta taka. Wannan ita ce hanyar da kuɗi ke gangarowa daga sama zuwa ƙasa ta dalilin kofi.

A Afrilun 2024 hukumar FA da Firimiya suka sanar da soke shi tun daga zagaye na farko, saboda Gasar Zakarun Turai ta faɗaɗa, wasa takwas a matakin farko, biyu daga ciki a Janairu. Ƙungiyoyin da abin ya shafa ba su kai goma ba, aka sauya doka a kan ɗaruruwa. Tamworth da Malam Habu ya ambata, da tsohuwar doka ce da ta tafi filin Tottenham mai cin mutum dubu 62, maimakon nata da bai kai dubu biyar ba. Aka ba ta ƙarin minti 30, wato daidai lokacin da ƙafafunta suka mutu.

Sani_Lissafi:
Baba Alhaji, a ɓangaren kuɗi ba ni da ja. Amma a ɓangaren wucewa zagaye na gaba, wasa ɗaya ya fi wa ƙaramar ƙungiya. Duk ƙarin minti da aka buga, mai ƙarfi yake taimaka wa. Minti 30 da fenareti ya fi mata sauƙi a kan sabon minti 90 a gidan babba. Exeter da Burton ɗin duk an cire su a karo na biyu. Da za a bi ta tawa, a soke ƙarin lokacin ma, daga minti 90 a wuce fenareti kai tsaye.

Alhaji_Tanko:
Ɗana, ƙungiyar da ke tunanin albashin watan gobe ba zagaye na huɗu take nema ba. Sun ce Firimiya za ta ƙara har fam miliyan 33 a shekara don ƙwallon ƙananan matakai, amma wannan rabo ne da wasu ke yankewa a ofis. Wancan kuwa da guminka ka ci shi a fili.

Damagaram_Bala:
Salam. Ina ganin dokar gasa tana da hannu fiye da yadda kuke ba ta. Mu da muke bin ƙwallon Faransa mun saba: idan tazarar rukuni biyu ce ko fiye tsakanin ƙungiyoyi, ƙaramar ce ke karɓar baƙunci, ba ruwan ƙuri'a. Calais ta mataki na huɗu ta kai wasan ƙarshe a 2000, Nantes ta ci ta 2-1. Guingamp tana Ligue 2 ta ɗauki kofin a 2009 a hannun Rennes. Quevilly ta kai a 2012, Les Herbiers a 2018, dukansu mataki na uku.

Jamus ta fi ma tsauri. Ƙungiyoyi 64 ne, kuma duk 'yar rukuni na uku ko ƙasa da haka da ta haɗu da ta sama, a gidanta za a buga har zuwa wasan kusa da na ƙarshe. Saarbrücken ta cire Bayern da Frankfurt da Gladbach a kakar 2023/24, duk a filinta. Kaka ta gaba Arminia Bielefeld, ita ma rukuni na uku, ta cire Union Berlin, Freiburg, Bremen da Leverkusen ta kai wasan ƙarshe, Stuttgart ta ci ta 4-2. Tazarar kuɗi tsakanin Bayern da Saarbrücken ba ƙarama ba ce, amma doka ta rage mata kaifi. Italiya kuma ta bi ta ɗaya hanyar: manya takwas sai a zagayen 'yan 16 suke shiga, kuma a gidajensu. Shi ya sa ba ka jin labarin ƙanana a can.

Malam_Habu_Koci:
Bala ya taɓo abu mai muhimmanci. Amfanin gida ba ihun 'yan kallo kaɗai ba ne. Fili matsattse yana rage wurin da 'yan gefe za su buɗe wasa, kuma jifa daga gefe yana isa cikin yadi na shida, ya zama tamkar bugun kusurwa. Ciyawar roba, wadda aka halatta a Kofin FA amma aka hana a rukunai huɗu na sama, tana sauya gudun ƙwallo da tashinta. Tamworth da Macclesfield duk a kanta suka karɓi baƙinsu. Sannan babban koci yakan ƙi sa ɗan wasan da ke da matsalar gwiwa a irin wannan fili, ka ga an rage masa zaɓi.

Ga abin da ke ɓata wa ƙananan shiri, bayan gajiya. Na ɗaya, a ci su a minti 15 na farko, dole su buɗe, daga nan sai ruwan ƙwallaye, irin 8-0 da City ta yi wa Salford. Na biyu, ɗan bayan gefe ya karɓi katin gargaɗi da wuri, sauran wasan ba zai iya sa ƙafa ba. Na uku, su ci ƙwallo su ruɗe, layin baya ya koma ya manne da gola, ba wanda ke fita tarar mai bugowa daga bakin yadi na 18. Na huɗu kuma ɗan gaban da aka bari shi kaɗai ya kasa riƙe ƙwallo ko na daƙiƙa biyar a jawo masa keta, abokansa su numfasa. Wannan na ƙarshen shi ya fi kashe su.

Alhaji_Tanko:
Amma ku sani in aka kawo dokar Jamus Ingila, ƙananan da kansu za su ƙi. Kowannensu addu'arsa ƙuri'a ta kai shi Old Trafford ko Anfield saboda kashi 45 ɗin nan.

Yerwa_Modu:
Tun ɗazu ana ta Turai, ga amsar a gida. Abin da Dan_Fagge ya ce ba ya faruwa a Ingila tun 1980, a Najeriya ya faru sau biyu cikin 'yan shekarun nan. Bayelsa United tana rukuni na biyu, NNL, ta ɗauki kofin ƙalubale a 2021 a hannun Nasarawa United. El-Kanemi Warriors ma daga NNL ta ɗauka a 2024, ta ci Abia Warriors 2-0 a Legas, kofinta na uku bayan na 1991 da 1992. A 2025 Abakaliki FC ta NNL ta kai wasan ƙarshe, sai a fenareti Kwara United ta samu kanta.

Ummu_Khalil:
Wannan ya ƙara tabbatar da cewa kuɗi ne. A Najeriya babu kuɗin talabijin da zai raba rukuni na farko, NPFL, da NNL irin wancan rabuwa. Yawancin ƙungiyoyin rukunan biyu gwamnatocin jihohi ne ke ɗauke da su, ƙarfin ƙungiya ya danganta da yadda gwamnati ta saki hannu a wannan shekarar, ba rukunin da take ba. Ƙungiyar jiha da ta faɗi tana iya riƙe 'yan wasanta da albashinsu. Kuma El-Kanemi ai ba ƙarama ba ce, babba ce da ta sauka, a kakar ma ta koma NPFL.

Sai_Masu_Gida:
A ƙara da tsarin gasar. Kowace jiha da Abuja tana fitar da zakara da na biyu daga kofin jiha, a yi share fage a rage su zuwa 64, sannan a riƙa bugawa a filin da ba na kowa ba. Duk mai bin NPFL ya san ƙarfin ƙungiyoyinmu a gida yake, cin wasa a waje abu ne mai wuya. Ka raba babbar ƙungiya da filinta da magoya bayanta, ka sa ta tafiyar mota ta yini guda kamar yadda abokiyar karawarta ta yi, to kusan an zama ɗaya. Shi ya sa wasannin ƙarshe da yawa sai a fenareti ake rabuwa. Pillars ta sha kashi a haka a 2018 a Asaba bayan tana gaban Rangers 3-0, ta kuma ɗauka a haka a 2019 a Kaduna a kan Niger Tornadoes.

Yerwa_Modu:
Hajiya, ko babba ce da ta sauka, West Ham ta 1980 ma ai haka take. Trevor Brooking da ya ci ƙwallon ɗan wasan tawagar Ingila ne, yana rukuni na biyu.

Bakatsine77:
Nan ne bambancin zamani yake, Modu. A wancan lokaci ɗan wasa irin Brooking zai faɗi da ƙungiyarsa ya zauna, domin albashin sama da na ƙasa ba su yi nisa da juna ba, kuma barin ƙungiya ba sauƙi. Sunderland a 1973, Southampton a 1976, West Ham a 1980, sau uku cikin shekara takwas. Yanzu kwantiragin 'yan Firimiya da yawa akwai sharaɗin rage albashi in an faɗi, wasu da sharaɗin farashin da za a sake su. Kafin a fara sabuwar kaka an kwashe gwanayen.

Dan_Fagge:
Na ji bayanai masu amfani, Allah ya saka. Amma har yanzu ba wanda ya nuna mini hanyar da 'yar Championship za ta bi ta ci wasa shida. Baban_Yusra ya kawo Coventry, ita ma a na biyar ta tsaya.

Baban_Yusra:
Hanyar a bayyane take, haɗuwar sharuɗɗan ne ke da wuya. Ƙungiya ce da ta faɗo daga Firimiya tana cin kuɗin sassauci, ta riƙe gola da 'yan bayanta, gwanayenta nata ne ba na aro ba. Ƙuri'a ta ba ta ƙananan ƙungiyoyi a zagaye na uku da na huɗu, manya kuma su haɗu da juna da wuri kamar yadda Arsenal ta haɗu da Liverpool a zagaye na uku a 2024, ta sake haɗuwa da United a 2025. Wasan kwata fainal ya faɗo a gidanta, a makon da abokiyar karawarta ke tsakanin wasanni biyu na Turai. Daga nan saura wasa biyu a Wembley.

Malam_Habu_Koci:
Wembley ɗin ce matsalar, Baban Yusra. Fili ne mai faɗi, ciyawa lafiyayya, ga VAR, kuma a wannan mataki ba kocin da ke hutar da kowa. Duk abubuwan da na lissafa da ke taimakon ƙarami, matsattsen fili, ciyawar roba, babba ya zo da yara, babu ko ɗaya a can. Grimsby ta League Two ta cire ƙungiyoyi biyar da ke sama da ita a 2023, har da Southampton, da ta isa kwata fainal Brighton ta fito da cikakkiyar tawaga ta ci ta 5-0. Da ana buga wasan kusa da na ƙarshe a gidan ƙaramar ƙungiya kamar Jamus, da na bi bayanka.

Damagaram_Bala:
A Jamus ɗin ma wasan ƙarshe a Berlin ake yi, kuma rabon da 'yar rukuni na biyu ta ɗauka tun Hannover a 1992. Kaiserslautern ta gwada a 2024, Leverkusen ta buga rabin wasan da mutum goma, duk da haka ta ci 1-0.